Kafin ku dangwala yatsa a kan takardar maraya

A Zangon Kumasi ba mu saba barin maraya a titi ba. Bayan sadakar bakwai dangi kan zauna, goggo ta ɗauki ɗaya, kawu ya ɗauki ɗaya, autan ya bi kakarsa, a shafa Fatiha kowa ya kama gabansa. Riƙo ne na tsakani da Allah, kuma da shi yawancin marayunmu suka zama mutane. Abu ɗaya ya rasa: ba ya barin shaida a rubuce. Hukumomin Ghana kuwa da rubutu suke aiki, rubutun kuma na Turanci ne. Ranar da yaron zai shiga sakandare, ko za a fitar da kuɗin da mahaifinsa ya bari a banki, ko za a yi masa fasfo, ranar ce za a miƙo wa mariƙiya fom a ce ta sa hannu a ƙarƙashin kalmomin da ba ta taɓa ji ba.

Na koyar da Turanci shekaru masu yawa a wata makarantar Islamiyya da boko a Asawase. Tun da na ajiye alli matan unguwa suka mai da ni 'yar rakiya. Daga Aboabo zuwa Sawaba, duk wadda aka kira ofis a kan maganar ɗan riƙonta sai ta aiko a ce Malama ta shirya. Abin da nake gaya musu a kan benci kafin a kira mu ciki shi ne na rubuta a nan. Ba sai kun iya Turanci ba. Ku dai gane wasu kalmomi da ido da kunne, ku san wadda ke ba ku iko a kan yaro da wadda ke karɓe shi daga hannunku.

Wane ne maraya a wurinsu

A Turancin yau da kullum, *orphan* shi ne yaron da ya rasa uwa da uba duka. A fiƙihun da muka karanta a makaranta, yatimi shi ne wanda ubansa ya rasu kafin ya balaga, ko da uwarsa tana raye. Ma'aikatan gwamnati da ƙungiyoyin agaji kuwa ma'auni na uku suke bi, wanda UNICEF ke aiki da shi: duk wanda bai kai shekara 18 ba kuma ya rasa ɗaya daga cikin iyayensa ko duka biyun. Shi ya sa fom ke rarrabewa. *Single orphan* ya rasa ɗaya, *double orphan* ya rasa duka. *Paternal orphan* ubansa ne ya rasu, *maternal orphan* uwarsa ce. Ku riƙe *paternal* da *maternal* da kyau don za su sake dawowa: na farko duk abin da ya shafi wajen uba, na biyu wajen uwa.

Saboda haka idan an tambaye ku, kada ku tsaya a kan cewa yaron maraya ne. Ku faɗi wanda ya rasu, da yaushe, da wanda ke raye. Ƙungiyoyin ƙasashen Larabawa masu ɗaukar nauyin marayu galibi shaidar rasuwar uba suke nema, domin da ma'anar fiƙihu suke aiki. Ofishin gwamnati kuwa yana so ya san ko uwa tana raye, domin doka ita take fara dubawa. Na sha ganin masu ɓoye cewa uwa tana nan don taimako ya zo da sauri, daga baya ƙaryar ta toshe wa yaron hanya ranar da aka nemi sa hannun uwar.

*Deceased* mamaci ne. *Late* idan ya zo gaban sunan mutum marigayi yake nufi, ba makara ba. *Widow* matar da mijinta ya rasu. *Minor* wanda bai kai shekara 18 ba, kuma Dokar Yara ta 1998, wadda suke kira Act 560, a kan wannan shekarun ta tsaya. Ko yaro ya fara gemu, ko yarinya ta yi girman jiki, a wurin hukuma yara ne, kuma dokar nan ta hana aurar da su kafin 18. Za ku kuma ga haruffa uku, OVC, wato *orphans and vulnerable children*, a takardun agaji. Na tsakiyar, *vulnerable*, ya haɗa da yaron da iyayensa ke raye amma jinya ta kwantar da su, ko suna kurkuku, ko sun tafi ba labari. Idan irin wannan yaron kuke riƙo, wannan ce kalmarku, ba sai kun kashe masa uba a takarda ba.

Takardu biyu tun kafin komai

Mu Musulmi muna gaggauta jana'iza. Wanda ya cika da asuba, kafin la'asar yana makwancinsa a maƙabartar Tafo. Sunna ce, amma a cikin gaggawar ake mantawa da rajistar rasuwa. *Death certificate* ita ce takardar shaidar rasuwa, kuma ofishin rajistar haihuwa da rasuwa, Births and Deaths Registry, shi ke bayar da ita. Takardar da likita ya rubuta a asibiti game da sanadin rasuwa daban ce, *burial permit* wato izinin binnewa shi ma daban ne. Ku adana su biyun, domin su ne hujjarku wajen neman ta ainihin. Ku wakilta mutum ɗaya cikin dangi ya bi wannan magana tun ana zaman makoki. In aka bari shekaru suka wuce, sai kuɗi da rantsuwa da zirga-zirga.

*Birth certificate* takardar haihuwa ce, kuma yin rajistarta kyauta ne idan yaro bai cika shekara ɗaya ba. Idan ya wuce haka ba a yi masa ba, ku nemo katin awonsa na asibiti, yana taimakawa wajen tabbatar da ranar haihuwa da sunan uwa. A gurbin sunan uba, sunan ubansa na gaskiya za a sa, ba na kawun da ke riƙonsa ba, kome son da yake masa.

Ga wata matsala tamu ta Zango da ba a ɗauka da muhimmanci. Mutum ɗaya sai ka gan shi Abubakar a katinsa na Ghana Card, Abubakari a banki, Bukari a takardar haihuwar ɗansa. Mu mun san mutum ɗaya ne, ma'aikacin banki bai sani ba, kuma ba zai saki ko pesewa ɗaya ba sai sunayen sun dace. Ana gyara wannan da *affidavit* ko *statutory declaration*, wato bayanin da aka rubuta aka rantse a kansa gaban mai karɓar rantsuwa, *Commissioner for Oaths*. Ana samunsu kusa da kotuna a Adum. Ku jera takardun mamacin a kan tabarma tun a gida, ku sa wani ɗan makaranta ya duba harafi da harafi.

Ke mece ce ga yaron

Kusan kowane fom yana da layin *relationship to child*, wato mene ne tsakaninki da yaron. A nan Hausa ta fi Turanci yalwa, shi ya sa ake samun ruɗani. Goggo da inna duk *aunt* ne, baffa da kawu duk *uncle*. Don a bambanta, goggo ta ce *paternal aunt*, ƙanwar uwa ta ce *maternal aunt*, kakar wajen uwa ta ce *maternal grandmother*. Kishiyar uwa *stepmother* ce, agola *stepchild*, 'yan uba kuma *half-brother* da *half-sister*. Kuma kada ku ce *my son* ko *my brother* kamar yadda muke faɗa a gida. A wurinmu ɗan ɗan'uwa ɗa ne, amma ma'aikaci abin da ya ji zai rubuta, in takardar haihuwa ta zo da wani suna daban sai ya fara zarginku. Ɗan ɗan'uwa ko ɗan 'yar'uwa *nephew* ne, mace *niece*.

*Guardian* shi ne mariƙin da ke tsaye a matsayin iyaye. A fom na makaranta, inda aka rubuta *Parent/Guardian*, kuna iya sa hannu ba fargaba. Makarantun Ghana suna yawan rubuta *your ward* a wasiƙunsu, yaron da ke ƙarƙashin kulawarku suke nufi, ba ɗakin jinya na asibiti ba. Amma idan banki ko ofishin fasfo ko ofishin jakadanci ya ce *legal guardian*, to faɗar baki ba ta isa ba, takardar kotu yake son gani. *Caregiver* kalma ce mai sauƙi, mai kula da yaron yau da gobe, mai ba shi koko da safe. *Next of kin* kuwa makusancin da za a tuntuɓa ne. Kasancewar sunanka a wannan layin bai mai da kai magaji ba, kuma rashin sanin haka ya raba zumunci a gidaje da yawa.

Kalmomi uku da bai kamata a cakuɗa ba

In ba ku riƙe kome a wannan rubutu ba, ku riƙe wannan. Abin da muke kira riƙo, Turancin ofis ya raba shi uku, kuma kowanne hukuncinsa daban.

*Kinship care* shi ne riƙon dangi, wanda muka gada. Yaro yana gidan goggonsa da sunan ubansa, da gadonsa, da danginsa duka. Gwamnati ba ta hana shi ba, ta ma fi son sa a kan kai yaro gidan marayu. Shawarata ita ce ku je ofishin kula da jin daɗin jama'a, wanda kowa ke kira Social Welfare, ku sanar da su cewa yaron yana hannunku. Kowace majalisar gunduma tana da shi. Mu mutanen Asawase da Aboabo namu yana ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong.

*Foster care* riƙo ne da hukuma ta shirya. Yaron da ba a samu danginsa ba, ko aka cire shi daga inda ake cutar da shi, sai a damƙa shi ga *foster parent*, mutumin da Social Welfare ta bincika, ta horar, ta ba shi lasisi. Dole ya kai shekara 21. An yi wa Dokar Yara gyara a 2016, a 2018 kuma aka fitar da ƙa'idojin wannan riƙo. Abin da ya kamata Musulmi ya lura da shi: a nan yaro ba ya canja suna, nasabarsa ba ta yankewa, kuma in aka gano danginsa ana iya mai da shi gare su. Wannan shi ya fi kusa da kafala da malamanmu ke karantarwa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma ta ambaci kafala da sunanta, kuma Ghana ce ƙasar farko da ta amince da yarjejeniyar, a 1990. Ina son in ga gidajen Zango da yawa sun nemi wannan lasisi. Idan aka tsinci jariri, ko aka rasa dangin yaro Musulmi, ma'aikaci gidajen da ke rajistarsa kawai zai duba. In ba mu a ciki, kada mu yi kuka da inda aka kai yaron.

*Adoption* kuwa wani abu ne daban, kuma a nan ake yin kuskure mai tsada. Mutanenmu sukan ce sun yi *adopting* yaro alhali riƙo suke nufi, ma'aikaci kuwa ya ɗauke su da ma'anar doka. A dokar Ghana, idan kotu ta ba da *adoption order*, yaron ya zama ɗanka kamar kai ka haife shi. Haƙƙin iyayensa na asali ya yanke. Zai gaje ka, kuma ba zai gaji iyayen da suka haife shi ba idan sun rasu ba wasiyya. Ba abu ne na wucin gadi ba. Mai nema dole ya kai shekara 25 kuma ya girmi yaron da shekara 21, sai dai in ɗan'uwansa ne na jini, shi shekara 21 ta ishe shi. Idan yaron ya kai 14 sai an nemi yardarsa.

Mu kuma mun san abin da Suratul Ahzabi ta ce, a kira su da sunan ubanninsu, kuma mun san labarin Zaidu ɗan Harisa wanda aka daina kira ɗan Muhammadu bayan saukar ayar. Riƙo ba ya mai da yaro magaji, ba ya mai da shi muharrami, sai in an shayar da shi cikin shekara biyun farko. Mai son ɗan riƙonsa ya samu rabo sai ya yi masa kyauta yana raye, ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Don haka duk takardar da kuka ga *adopt* ko *adoption* a kanta, ku ɗaga hannu tukuna, ku nemi lauya ku kuma nemi malami.

Wata rana wata dattijuwa ta zo mini da fom da 'yarta ta aiko daga Jamus, tana son ɗaukar ɗan ƙaninta da ya rasu.

"Malama, ai karatu kawai za ta kai shi," in ji ta.

"Hajiya, takardar nan ba karatu ta ce ba. Ta ce jikanki zai zama ɗan wata, har abada. In haka kuke so, akwai hanyarsa ta kotu. In ba haka kuke so ba, kada ki dangwala."

Ba ta dangwala ba, sai da dangin uba da na uwa suka zauna. Fitar da yaro waje ta wannan hanya shi ake kira *intercountry adoption*. Ghana ta shiga yarjejeniyar Hague a kan haka, ta fara aiki a nan a 2017, kuma akwai hukuma ta musamman a Akara, a ƙarƙashin ma'aikatar jinsi da yara da kare jama'a, da dole a bi ta hannunta. Sa sunan yaro a takardu a matsayin ɗan cikinka don a samu biza ƙarya ce, ofisoshin jakadanci kuma sukan nemi gwajin jini na DNA.

Idan magana ta kai kotu

*Family Tribunal* kotun iyali ce. Ba irin kotun da kuke tsoro ba ce. Majistare ne da wasu mutane kaɗan, cikinsu har da ma'aikacin Social Welfare, kuma ba a barin 'yan kallo. *Custody* shi ne ikon riƙe yaro, abin da fiƙihu ke kira hadana. Dokar ta ce uwa ko uba, ko ɗan'uwa, ko duk wanda ke rainon yaro yana iya neman sa. Wannan ita ce takardar da goggo ko kaka take buƙata idan wani ofis ya ce ta kawo hujja. *Access* ikon ziyara ne ga wanda yaron ba ya hannunsa, *maintenance* kuwa kuɗin ci da sha da makaranta da magani. *Care order* umarni ne na cire yaro daga haɗari a damƙa shi ga amintaccen mutum, wanda suke kira *fit person*, kuma ba ya wuce shekara 3. Kafin a yanke hukunci ma'aikaci zai zo gidanku ya rubuta *social enquiry report*. Zai duba inda yaron ke kwana, ya tambayi maƙwabta, ya yi magana da yaron shi kaɗai. Kada ku koya wa yaron abin da zai faɗa, ana ganewa.

Za ku ji suna ta maimaita *best interest of the child*, wato abin da ya fi zama alheri ga yaron. Da shi kotu ke auna komai. Cikin abubuwan da doka ta ce a duba akwai muhimmancin ƙaramin yaro ya kasance tare da uwarsa, da kuma kada a raba 'yan'uwa. A kan waɗannan biyun ina da magana da mutanenmu. Uba ya rasu, matar ba ta gama takaba ba, dangin miji sun kwashe yaran wai nasu ne. Ba dokar Ghana kaɗai ta ƙi wannan ba, mazhabar Malikiyya da muke bi uwa ta fara bai wa raino, bayanta kakar wajen uwa. Rabon yara gida-gida kuma mun mai da shi al'ada, alhali yaron da ya rasa uba jiya yau ya rasa yayarsa, maraici biyu ne. In gida ɗaya ba zai iya ɗaukar nauyinsu duka ba, a bar su wuri ɗaya sauran dangi su riƙa kai gudunmawa duk wata.

Gidan marayu, da masu zuwa da alkawari

*Orphanage* gidan marayu ne, amma a takardun gwamnati za ku fi ganin *children's home* ko *residential home*. Gwamnati tana da nata a Osu cikin Akara, da nan Kumasi, da Tamale. Sauran na masu zaman kansu ne, kuma dole su kasance da lasisin Social Welfare. Akasarin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba raye, talauci ne ya kai su. Shi ya sa manufar gwamnati yanzu ita ce *tracing*, bin sawun dangi, da *reunification*, mai da yaro cikinsu. *Abandoned* yaron da aka yasar ne. Duk wanda ya tsinci jariri, ofishin 'yan sanda da Social Welfare zai fara kai rahoto ko da yana son riƙonsa, in ba haka ba alherinsa zai koma masa tuhuma.

*Sponsor* mai ɗaukar nauyi ne, yana biyan kuɗin makaranta ko abinci yaron yana gidanku. Wannan ba laifi. Amma idan mai alkawarin ya ce sai yaron ya bi shi, kuma ya fito da takarda mai *consent*, wato yarda, ko *relinquish*, wato sallama haƙƙi, ku tambaya: yarda da me, sallama wa wa, har yaushe? Wanda ya ba ku kuɗi don ku ba shi yaro, wannan *trafficking* ne, safarar mutane, kuma akwai dokar 2005 da ke ɗaure mai yi. Haka wanda ya ɗauko marainiya daga ƙauye da sunan riƙo ya mai da ita 'yar aiki, 'ya'yansa suna makaranta ita tana yawon talla a kasuwar Kejetia. Doka ta sa shekara 15 mafi ƙarancin shekarun ɗaukar yaro aiki. Inda kuka ga ana cutar da maraya, sashen 'yan sanda na DOVVSU, mai kula da cin zarafi a cikin gida, don haka aka kafa shi.

Dukiyar maraya

*Estate* shi ne duk abin da mamaci ya bari. *Will* wasiyya ce a rubuce, da sa hannun mai ita da na shaidu biyu, kamar yadda dokar wasiyya ta 1971 ta tanada. Wanda ya rasu bai bar ta ba, an ce ya rasu *intestate*, kuma a nan dokar 1985 ke shigowa, wadda ake kira PNDC Law 111. An yi ta ne musamman saboda yadda a gadon Tonawa dangin uwar mamaci ke ɗaukar dukiya a bar matarsa da 'ya'yansa hannu wofi, amma ta hau kan kowa, har da mu. Ta bai wa mata da 'ya'ya kayan gida, da gidan in ɗaya ne. Sauran dukiya, 'ya'ya suna da kashi 9 cikin 16, abokin aure kashi 3 cikin 16, iyayen mamaci kashi 1 cikin 8, dangi bisa al'ada kashi 1 cikin 8. In ba abokin aure, 'ya'ya suna da kashi 3 cikin 4. Laifi ne a kori matar mamaci ko 'ya'yansa daga gidan kafin a raba gado.

Kun ga wannan rabo ba shi ne na Suratun Nisa'i ba. A Zango malamai ke raba mana gado, kuma muddin kowa ya yarda ba wanda ke zuwa kotu. Amma in mutum ɗaya ya kai ƙara, alƙali dokar ƙasa zai buɗe. Uban da ke son a raba dukiyarsa bisa shari'ar Musulunci, ya je ya rubuta haka a wasiyya tun yana da lafiya, ya kuma ambaci wanda zai riƙi yaransa. Rubuta wasiyya ba ya kusanto da ajali.

Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu: *probate* in akwai wasiyya, *letters of administration* in babu. Wanda kotu ta bai wa ta biyun sunansa *administrator*, kuma wakili ne, ba mai dukiya ba. *Beneficiary* shi ne mai rabo. In mamacin ma'aikaci ne mai biyan SSNIT, wato asusun fanshon ma'aikata, ku je ofishinsu ku tambayi haƙƙin magada, a duba waɗanda ya rubuta a matsayin *nominee*. Rabon yaro a buɗe masa asusu *in trust*, wato amana, da sunansa, mariƙi ya zama *trustee*. Ku sayi littafi na musamman ku riƙa rubuta duk sidin da ya fita da dalilinsa, ku liƙa rasit. Alƙur'ani ya ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa a cikinsu, ya kuma ce a kafa shaidu ranar miƙa musu dukiyarsu. Littafin nan shi zai wanke ku a gaban yaron ranar da ya girma ya tambaya.

Taimakon gwamnati ba shi da yawa, amma ku nema. Shirin LEAP, wanda aka fara a 2008, yana ba gidaje mafiya talauci kuɗi duk wata biyu, cikinsu har da masu riƙon marayu. Ba a sayen shiga, duk wanda ya nemi kuɗi don ya sa sunanku ku guje shi. Yaro ƙasa da shekara 18 ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya ta NHIS, sai ɗan kuɗin rajista. Sakandaren gwamnati kyauta ce tun 2017.

A gaban tebur

Ku tafi da takardun asali da kwafinsu, ku nuna na asali ku bayar da kwafi. Ku ɗauki hoton kowace takarda da waya kafin ta bar hannunku, ku rubuta sunan ma'aikacin da ya karɓa da kwanan wata. Jimla uku na Turanci nake sa kowace mariƙiya ta haddace: *Please read it to me*, a karanta mini, *I need an interpreter*, ina son tafinta, *I want a copy*, a ba ni kwafi. Da yawa cikin ma'aikatan suna jin Twi, wasu har Hausa, kuma kotu tana samar da tafinta, don haka ba abin kunya ba ne ku ce a yi muku bayani da harshen da kuke ji. Akwai tsohuwar doka mai kare wanda bai iya karatu ba: duk wanda ya rubuta masa takarda dole ya karanta masa ita, ya fassara masa, ya kuma rubuta a ƙasa cewa ya yi haka, da sunansa. Wannan sakin layi na ƙasa shi ake kira *jurat*. In za ku dangwala yatsa, ku sa a nuna muku inda yake, ku kuma zo da naku mai karatu ya zauna kusa da ku. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid Commission, suna da reshe a nan Kumasi, kuma maganar riƙon yara da ciyarwa da gado tana cikin abubuwan da suke saurara.